Coci huɗu a mararraba ɗaya: me ya rarraba Kiristocin Sikotlan?

Ɗalibin Edinbara: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da tambaya ga masana tarihi, da kuma 'yan'uwanmu Kirista da ke nan. Wata na biyar ke nan a Edinbara, babban birnin Sikotlan. A hanyar da motar haya ke bi da ni zuwa makaranta akwai wata mararraba da mutanen gari ke kira Holy Corner, saboda kowace kusurwa tata coci ce, guda huɗu suna kallon juna. Ɗaya ma an daina ibada a cikinta, an mai da ita cibiyar taimakon jama'a mai sunan ɗan tseren nan Eric Liddell. A cikin gari kuma akwai gidan wasan kwaikwayo na ɗalibai mai suna Bedlam, shi ma da ka ga ginin ka san coci ne a da. Na tambayi tsohuwar da nake haya a gidanta, me ya sa gari ɗaya ke da coci kamar rumfunan kasuwa? Ta ce wasunsu na ɗariku ne daban, amma da yawa 'yan gida ɗaya ne suka rabu. Sai ta ƙara da cewa kakannin kakanninta na cikin waɗanda suka fice a 1843, kuma ta faɗe shi da irin muryar da mutum ke faɗin kakansa ya je Makka a ƙafa. Abin da nake so in sani: wannan ficewa aƙida ce ko rigima ce kawai?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka taɓo babban abu, kuma ba za a gane 1843 ba sai an koma baya. Babbar ikkilisiyar Sikotlan ta Firesbiteriya ce. Kalmar Firesbiteriya daga Girkanci take, ma'anarta dattijo. Wato ikkilisiya ce da dattawa ke mulka. Babu bishop a sama. Kowace majami'a tana da fasto da dattawanta, su tura wakilai majalisar gunduma, daga nan zuwa Babban Taro na ƙasa. Tushen abin ya faro daga 1560, zamanin John Knox, lokacin da ƙasar ta bar bin Fafaroma.

Sarakuna ba su taɓa son wannan tsari ba, don bishop sarki ke naɗa shi, dattawa kuwa ba ya da iko a kansu. Da Sarki Charles na ɗaya ya ƙaƙaba musu sabon littafin addu'a a 1637, aka yi bore a cocin St Giles. A watan Fabrairu 1638 suka taru a cocin Greyfriars suka sa hannu a wata takarda da suka kira Alkawarin Ƙasa, shi ya sa ake ce musu 'Yan Alkawari. Bayan 1660 Charles na biyu ya dawo da bishop-bishop, ɗaruruwan fastoci suka bar majami'unsu, jama'a suka bi su suna sujada a kan duwatsu da cikin jeji, sojoji na farautarsu. A 1685 a Wigtown aka ɗaure mata biyu a bakin teku, wata tsohuwa da wata budurwa 'yar shekara 18 mai suna Margaret Wilson, aka bar ruwa ya taso ya shanye su saboda sun ƙi rantsuwar da aka ba su.

A 1690 aka tabbatar da tsarin dattawa a matsayin na ƙasa. Wasu tsiraru, mabiya Richard Cameron, suka ƙi shiga don ba a ambaci Alkawarin ba. Su ne farkon waɗanda suka ƙi bi, ba su ma samu fasto ba sai 1706. Amma abin da ya haifi sauran rabe-raben shi ne dokar 1712, shekara biyar bayan haɗewar Sikotlan da Ingila. Majalisar Landan ta mayar wa masu ƙasa, wato manyan attajiran da suka mallaki gonakin yanki, ikon zaɓen wanda zai zama faston gari. Tambayar da aka yi shekara fiye da ɗari da hamsin ana gwabzawa a kai ita ce: wa ke naɗa fasto, mai ƙasa ko jama'ar da za su zauna a gabansa?

Alhaji na Kwari: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Amma ni ban ga laifin dokar ba. In mutum shi ya ba da fili, shi ke gyaran gini, daga amfanin gonarsa albashin fasto ke fita, to don me ba zai ce ga wanda yake so ba? Wanda bai sa ko sisi ba shi zai zaɓa?

Baba Fasto: Alhaji, barka da war haka. Tambayarka ita ce ainihin hujjar masu ƙasar, kuma ba hujjar banza ba ce. Amma ka dubi yadda abin ya kasance a aikace. Mai ƙasa sau da yawa ba ya ma zama a garin, wani ma ba ɗan wannan ikkilisiya ba ne. Zai ɗauko malamin da ya koyar da 'ya'yansa a gida, ko ɗan wani abokinsa, ya ce ga fastonku. Shi wannan mutum shi zai yi wa 'ya'yanka baftisma, shi zai zauna kusa da mahaifiyarka tana gargarar mutuwa, kuma shi ke da hannu a makarantar gari da rabon taimakon matalauta. In mai ƙasa ya tashi korar masu noma a gonarsa, wa kake jin faston nan zai goya wa baya? Akwai wuraren da sai da sojoji aka raka sabon fasto cikin coci.

A 1732 Ebenezer Erskine, faston Stirling, ya yi wa'azi a gaban majalisar yankinsu ya soki wannan abu. Aka ce ya janye, ya ƙi. A Disamba 1733 shi da wasu uku, William Wilson da Alexander Moncrieff da James Fisher, suka haɗu a wani ƙauye, Gairney Bridge, suka kafa tasu majalisa. Mutum huɗu ne fa kawai. Waɗanda suka bi su yawanci masaƙa ne da ƙananan manoma da masu sana'ar hannu. Su suka gina ɗakunan sujadarsu, su suka riƙa biyan fastocinsu daga aljihu. To ka ga, Alhaji, ba mutane ne da suka ƙi sa sisi ba. Sun ce in kuɗi ne ke ba da iko, mu za mu biya.

Wanda nake ƙauna a cikinsu shi ne John Brown na Haddington. Maraya ne mai kiwon tumaki, ya koya wa kansa Girkanci da Latin da Ibrananci yana bin garke, har wasu suka zarge shi da cewa shaiɗan ne ya koya masa. Daga baya shi ya zama malamin da ke horar da fastocinsu.

Barista: Baba, da girmamawa, ka tsaya a inda labarin ke da daɗi. Ka gaya wa zaure abin da ya faru a 1747. Shekara 14 kacal da ɓallewa suka dare gida biyu. A kan me? A kan wata rantsuwa da ake sa mutum ya yi kafin ya zama cikakken ɗan gari mai izinin kasuwanci a Edinbara da Gilasgo da Perth. A cikinta akwai jimlar da ke cewa mutum ya yarda da addinin gaskiya da ake bi a ƙasar a yanzu. Wasu suka ce wannan na nufin ba ka bin Katolika ne kawai, babu laifi. Wasu, ƙarƙashin Adam Gib, suka ce a'a, amincewa ce da cocin gwamnatin da muka baro. Masu tsananin suka yanke Erskine kansa daga zumunci, mutumin da ya kafa su, har da ƙanensa Ralph. Ɗan Ralph ma yana ɓangaren da ya yanke uban nasa.

Ba a tsaya nan ba. A 1799 ɓangare ɗaya ya sake rabuwa, a 1806 ɗayan ma ya rabu, a kan ko hukuma na da hurumi a sha'anin addini. Aka samu 'yan Tsohon Haske da 'yan Sabon Haske a kowane ɓangare, ƙungiya huɗu daga mutum huɗu. Abin da ya fi ba ni takaici, rigimar ta tsallaka har Ayalan, inda babu ma wannan rantsuwa sam. Wani fastonsu a can, Thomas Campbell, ya yi ƙoƙarin haɗa su bai samu ba, ya tafi Amurka a 1807. In mutum ya saba da cewa shi kaɗai ke da gaskiya, ba ya iya tsayawa. Wannan ba aƙida ba ce, hali ne.

Baba Fasto: Ban musa ba, ɗana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da aka yi a 1747 abin kunya ne, kuma ni a matsayina na wanda ya yi shekaru yana sasanta dattawan majami'a, na san irin zafin da yake bari a cikin gidaje. Ana ba da labarin 'yar Ebenezer da ke auren wani fasto na ɗaya ɓangaren. Da mijin ya dawo daga taron da aka yanke mahaifinta, ta ci gaba da zama matarsa amma ta daina zuwa sauraron wa'azinsa. Ka yi tunanin cin tuwon dare a wannan gida.

Sai dai ba dukansu ke da wannan hali ba. Thomas Gillespie, faston Carnock, an tuɓe shi a 1752 don ya ƙi sa hannu a ɗora wa mutanen Inverkeithing faston da ba sa so. Bai zagi kowa ba, ya ci gaba da wa'azi a fili. A 1761 shi da wasu biyu suka kafa abin da suka kira ikkilisiyar Sauƙaƙawa, wato mafaka ga duk jama'ar da aka danne. Su teburin Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da Yesu, a buɗe suka bar shi ga kowane mai bi, ba sai ɗan ƙungiyarsu ba. Kuma ka lura, Barista, da aka soke rantsuwar nan a 1819, shekara ɗaya bayan haka 'yan Sabon Haske na ɓangarorin biyu suka haɗe. A 1847 suka haɗu da mutanen Gillespie, majami'u fiye da 500 a inuwa ɗaya. Masu rabuwa sun iya dawowa ma.

Mai Kula da Zaure: Jama'a, muhawara na tafiya lafiya. Don Allah a ci gaba a haka, kada kowa ya jawo ta zuwa ƙungiyoyinmu na gida.

Ɗalibin Edinbara: Malam, har yanzu ba a zo 1843 ɗin tsohuwata ba.

Malamin Tarihi: Ga shi nan. Waɗanda aka ambata duk daga gefe suka fita, kaɗan-kaɗan. Na 1843 cikin gidan ne ya tsage. A 1834 masu ra'ayin bishara suka samu rinjaye a Babban Taro, suka yi doka cewa in mafi yawan magidanta suka ƙi wanda mai ƙasa ya kawo, ba za a naɗa shi ba. A shekarar aka gwada ta a Auchterarder. An kawo wani Robert Young, mutum biyu kacal a garin suka sa hannu suna son sa, fiye da 280 suka ce ba sa so. Ya kai ƙara kotu, aka yi ta shari'a har Majalisar Iyayen Ƙasa ta Landan, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli. A 1839 ta ce dokar ikkilisiyar ba ta da ƙarfi a kan dokar majalisa.

Na Marnoch ya fi taɓa zuciya. Mutum ɗaya ne a garin ya sa hannu wa John Edwards, shi ma mai gidan saukar baƙi ne. Kotu ta ce a naɗa shi. A Janairu 1841, ranar naɗin, jama'a suka zo cikin dusar ƙanƙara, aka karanta takardar ƙin amincewarsu, sannan kowa ya ɗauki Littafinsa daga kan benci suka fice, suka bar cocin da iyayensu ke kwance a harabarta.

Daga nan magana ta wuce ta mai ƙasa. Ta zama: shin alƙalin gwamnati zai iya umartar ikkilisiya ta ɗora wa mutum hannu ta keɓe shi? Ranar 18 ga Mayu 1843 Babban Taro ya zauna a cocin St Andrew da ke titin George. Shugaba mai barin gado, David Welsh, ya tashi ya karanta takardar ƙorafi, ya ajiye ta a tebur, ya rusuna wa wakilin Sarauniya, ya kama hanyar ƙofa. Thomas Chalmers ya bi shi, sai sahu bayan sahu. Suka gangara a ƙafa zuwa wani babban zaure a Tanfield, jama'a sun cika titi. A ƙarshe fastoci fiye da 450 daga cikin kusan 1,200 suka sa hannu suka bar aiki. Ka san abin da suka bari? Albashi na tsawon rai, gidan fasto, gonar da ke haɗe da gidan, da ginin cocin. Mutum mai 'ya'ya takwas ya koma gida ya ce wa matarsa a ɗaure kaya.

Chalmers masanin lissafi ne, ya riga ya shirya. Ya ce kowane mai bi ya ba da kwabo ɗaya a mako, a tara a asusu guda, a raba wa fastoci daidai, don na ƙauyen talakawa kada ya mutu da yunwa na birni yana ƙoshi. Cikin shekara huɗu sun gina coci fiye da 700 da makarantu wajen 500, ga kwalejin horar da fastoci, New College, wadda kake gani a kan tudu in kana titin Princes. Suka kira kansu Free Church, 'Yantacciyar Ikkilisiya. Shi ya sa a gari ɗaya za ka ga tsohuwar coci, ga ta 'yan 1843 a tsallaken titi, ga ta 'yan 1733 a bayan kasuwa.

Alhaji na Kwari: To wannan kam na sara musu. Wanda ya bar gida da albashi ba don rigima ya yi ba. Kuma asusun nan dabara ce ta mai hankali.

Anti Nas: Sannunku. Ina karantawa tun ɗazu, yanzu na tashi daga aiki. Ni ina arewacin ƙasar, wajen Inverness, shekara bakwai ina jinyar tsofaffi, kuma a nan abin da kuke faɗa ba tarihi ba ne, yana raye. Akwai wata tsohuwa 'yar tsibirin Lewis da na yi jinya. A cikin akwatin da take ajiye allura da zare akwai wani ɗan ƙarfe mai kusurwa huɗu, bai kai girman akwatin ashana ba, ya yi baƙi don tsufa. Na ɗauka tsohon kuɗi ne. Ta ce shaidar zuwa Jibin Ubangiji ce ta kakarta. A da sai dattawa sun tabbatar da halinka su ba ka shi, ka miƙa kafin ka zauna a teburin. Ta sa min shi a tafin hannu ta rufe da nata hannun, ta daɗe ba ta ce komai ba.

Ranar Lahadi ba ta yarda a kunna mata talabijin, amma takan roƙe ni in sa mata waƙar Zabura da harshensu na Gelik. Babu ganga, babu molo, babu komai. Mutum ɗaya ya ja baiti, jama'a su amsa, amma ba tare suke amsawa ba, kowa na jan muryarsa yadda ta zo masa, sai sautin ya riƙa tashi yana sauka kamar igiyar ruwa. Ban san kalma ɗaya ba amma tsigar jikina ta tashi. Ni Musulma ce, ta sani, kuma in lokacin salla ya yi ita ke tuna min.

Ita ta fara ba ni labarin cocin kan ruwa. A Strontian mai ƙasar ya hana 'yan 1843 ko taku ɗaya na fili. Sai suka tara kuɗi aka ƙera musu coci ta ƙarfe a kan jirgi, aka jawo ta a 1846 aka kafe a mashigin teku na Loch Sunart, tunda ikonsa bai kai kan ruwa ba. Ran Lahadi sai a shiga kwale-kwale a je sujada. A kudu ma, a Canonbie, an hana su fili har suka riƙa taruwa a bakin titi cikin sanyi. A nan arewa mutane sun bi sabuwar ikkilisiyar kusan gaba ɗaya, don suna ganin fastocin da masu ƙasa suka naɗa sun yi shiru lokacin da ake korar su daga gonakinsu ana zuba tumaki.

Hajiya Malama: Yaya Nas, Allah ya saka miki, labarinki ya taɓa ni. Amma akwai abin da ba zan bari a wuce ba, kuma na yi mamaki Malam bai kawo shi ba. Cocin nan 700, da kuɗin wa aka gina su? Yawanci kwabon talakawa ne, na yarda. Amma sun aika wakilai Amurka neman gudummawa, suka karɓo kusan fam 3,000 daga majami'un kudancin ƙasar, inda masu bayi ke zaune a sahun gaba. A 1846 Frederick Douglass, wanda shi kansa ya gudo daga bauta, ya zagaya Sikotlan gari-gari, Dundee da Paisley da Edinbara, yana cewa a mayar da kuɗin. Yara na rera shi a titi, ana rubuta shi a bango. Ba su mayar ba. Manyan malamansu suka tsaya suna bambanta tsakanin bauta a matsayin tsari da mutumin da ya tsinci kansa da bayi. Mutanen da suka bar gidajensu don kada a ɗora musu fasto, sun kasa barin fam dubu uku don baƙar fata da ake sayarwa a kasuwa. Ni a nan girmansu ya ragu a idona.

Malamin Tarihi: Hajiya, kin yi gaskiya, kuma ya kamata in faɗa. Ba ni da abin kare su.

Baba Fasto: Ni ma haka. Kuɗin kaɗan ne in an gwada da abin da suka tara, wannan ma ya sa ƙin mayarwar ya fi muni, don ba buƙata ba ce, girman kai ne. Abin da zan ƙara kawai, kada a shafa wa kowa. Jikokin 'Yan Alkawari da suka yi ƙaura Amurka sun yanke tun 1800 cewa mai riƙe bawa ba zai zama ɗan ikkilisiyarsu ba.

Kuma a shekarar nan ta 1846 da Douglass ke yawo, wani abu ya faru da ya shafe mu kai tsaye. Ikkilisiyar da ta fito daga mutanen Erskine ita ta ɗauki nauyin Hope Waddell, ya taso daga Jamaika tare da wasu baƙaƙen Kirista na can, suka sauka Kalaba a watan Afrilu. Tunanin ma daga majami'un 'yantattun bayi na Jamaika ya fito. Sarki Eyo Honesty na biyu na Creek Town ya karɓe su. Hugh Goldie ya yi ƙamus na Efik ya fassara Sabon Alkawari. Esien Esien Ukpabio, wanda aka fara yi wa baftisma a 1853, ya zama fasto a 1872. Mary Slessor da kowane ɗan firamare a Najeriya ya san ta da maganar tagwaye, 'yar masaƙa ce daga Dundee, kuma 'yar wannan reshe ce, ta iso 1876 ta rasu a can a 1915. Makarantar Hope Waddell da aka buɗe a 1895, Azikiwe ya zauna a cikinta, Akanu Ibiam ma haka. Har Gana abin ya kai, don da Turawan Ingila suka kori 'yan mishan na Basel lokacin yaƙin duniya na ɗaya, 'yan Sikotlan aka kira daga Kalaba suka riƙe aikin. In ka ga allon cocin Firesbiteriya a Kaduna ko Jos da hoton kurmi yana cin wuta bai ƙone ba, tambarin daga can ya taso.

Hajiya Malama: Na gode Baba, ban san Slessor daga masu ɓallewa take ba. Amma alherin Kalaba na wani reshe ne, ba ya wanke wancan.

Barista: Bari in dawo kan batuna, don har yanzu ina nan a kan ra'ayina. An soke ikon masu ƙasa a 1874. Dalilin rabuwa ya tafi, amma rabuwa ba ta tafi ba. A 1893 wasu fastoci biyu a arewa suka fice daga 'Yantacciyar Ikkilisiya don an sassauta sharaɗin aƙida. A 1900 da aka zo haɗa ta da mutanen 1847, ƙuri'a ta kasance 643 da 27. Tsirarun suka kai ƙara kotu suna cewa su ne 'yan asali, dukiya tasu ce. A 1904 Majalisar Iyayen Ƙasa ta ba su gaskiya, ta miƙa musu gine-gine da kwalejoji da kuɗin da ba su da mutanen da za su riƙe. Sai da majalisar dokoki ta yi sabuwar doka a 1905 aka raba. Ku duba fa: jikokin waɗanda suka fice don kada kotu ta sa musu baki, su suka ruga kotun.

Na kusa-kusa kuma, Lord Mackay, wanda shi ne shugaban alƙalan Birtaniya a gwamnatin Thatcher, dattijo ne a cocin 'yan 1893. Ya halarci addu'ar jana'izar abokan aikinsa biyu 'yan Katolika, aka dakatar da shi. A 1989 cocin ta dare a kan haka. A 2000 'Yantacciyar Ikkilisiya ita ma ta sake darewa.

Malamin Tarihi: Duk haka ne, amma ka tsallake 1929. A 1921 majalisar Birtaniya ta yi doka ta amince cewa ikkilisiyar Sikotlan ita ke da ikon kanta a sha'anin ibada da aƙida da horo, babu hannun hukuma. Wannan shi ne abin da Erskine da Chalmers suka nema. Da aka samu, mafi yawan waɗanda suka fita suka dawo gida a 1929. Wato ba su suka sauko ba, uwar ce ta taso ta same su. Da ba su fita ba, ban ga abin da zai sa Landan ta saki wannan iko ba. Waɗanda ka lissafa ragowa ne, ƙanana, ko da yake tsirarun da suka ƙi shiga haɗakar 1929 su suka fara keɓe mace fasto a cikin 'yan Firesbiteriyan Sikotlan, Elizabeth Barr, a 1935, fiye da shekara 30 kafin babbar ikkilisiyar ta yarda.

Barista: Na karɓi 1921, Malam. Ban karɓi 1747 da 1989 ba, kuma ina ganin jini ɗaya ne ke gudana a duka.

Ɗalibin Edinbara: Jama'a, yau Asabar na je Greyfriars saboda wannan hira. Masu yawon buɗe ido sun yi cincirindo a bakin ƙofa suna shafa hancin gunkin wani kare. Na wuce su na bi ta cikin maƙabarta har kusurwar kudu, inda akwai wata ƙofar ƙarfe a kulle. Allon da ke wurin ya ce bayan yaƙin Bothwell a 1679 an kawo fursunoni 'Yan Alkawari kusan 1,200 garin, aka tsare ɗaruruwansu a wannan fili wata da watanni, ba rufi. Waɗanda suka ƙi sa hannu aka loda su a jirgi za a kai su bauta a Amurka, jirgin ya fashe a tsibiran Orkney, wajen 200 suka nutse. Na leƙa ta tsakanin ƙarafunan, ciyawa ce kawai da kaburbura a jere. Iska na kaɗawa, ina sanye da riguna uku, amma ban iya minti goma a tsaye ba.

Da na dawo na gaya wa tsohuwata. Ta ce cocin da aka ɗaura mata aure yanzu gidajen haya ne. A ƙidayar 2022 fiye da rabin mutanen ƙasar sun ce ba su da addini, masu cewa su 'yan babbar ikkilisiyar ne kashi 20 cikin ɗari kawai. Haɗakar 1929 ta bar su da gini biyu ko uku a kowane gari, yanzu ana ta sayarwa.

Anti Nas: Ƙanena, a tsibiran ba haka ba ne tukuna. Sai a 2009 jirgin fito ya fara tashi daga Stornoway ran Lahadi, kuma har yau shaguna da yawa a rufe suke ranar. A 2018 aka buɗe masallaci na farko a garin. Reshen da ya fice a 2000 ya fito ya nuna adawa, amma faston babbar majami'ar 'Yantacciyar Ikkilisiya a garin ya ce Musulmin suna da 'yancin yin ibadarsu. Da na ji haka, mutanen Strontian na tuna, waɗanda aka hana fili.

Alhaji na Kwari: Ɗalibi, in ka samu dama ka tambayar min tsohuwar nan, asusun kwabo ɗaya ɗin, wa ke bi gida-gida yana karɓa, kuma wa ke riƙe littafin? Wannan ɓangaren nake so in fahimta sosai.

Baba Fasto: Alhaji, kafin ya tambayo: kowace majami'a an raba ta unguwa-unguwa, aka sa masu karɓa, da yawansu mata ne, su bi gidajen da aka ba su da ɗan littafi. Dikinoni, wato masu kula da kuɗin majami'a, su tattara su aika Edinbara, daga can a rabo.

Ɗalibin Edinbara: Zan tambaye ta gobe da yamma in ta dawo daga coci, in sha Allahu. Ta ce akwai wani tsohon Littafi na gidansu da aka rubuta sunayen kakanninta a shafin farko, za ta fito min da shi.